Hannun Kubura a Cikin Tunkiya

A Tajaye, in tunkiya ko akuya ta daɗe tana naƙuda ɗa ya ƙi fitowa, gidan Kubura ake nufa. Haka na tarar a shekarar 2004, lokacin da ƙungiyar makiyaya da nake wa aiki ta tura ni yankin Illela in riƙa zagaya ƙauyuka ina zama da mata masu kiwo. Sunana Wasila, ni 'yar Konni ce, kuma a lokacin abin da na sani game da tumaki bai wuce na takardun da aka ba ni a buro, wato ofishinmu, ba.

Kubura ta haura hamsin. Gajera ce, siririya, ga ƙananan hannuwa, kuma su suka jawo mata sana'ar. Mahaifinta makiyayi ne. Tana da shekara goma sha biyu wata tunkiyarsa ta kasa haihuwa a daji, nasa hannun ya ƙi shiga, ya kira ta ta gwada yana gaya mata abin da za ta laluba. Ta fito da ɗan da ransa. Daga nan maƙwabta suka fara aron ta, har aka kai ta Tajaye gidan Yusha'u, aikin ya bi ta can. Ta haifi shida, huɗu suka rayu. Duk rani Yusha'u yakan tafi cin rani kurmi, can ƙasashen kudu, ita ke riƙe da gida da garke har ruwa ya sauka.

Sau da yawa na tsaya a kanta tana aiki. Takan wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta shafa yauƙin kuɓewa, ta durƙusa bayan dabbar, ta yi bisimilla, sai ta rufe ido. Ba ta buɗewa sai ɗan ya faɗo. Wani lokaci ta yi shiru tsawon da za a yi alwala, hannunta na ciki, ba abin da ke motsi sai leɓenta. Ranar da na tambaye ta me take yi a ciki, dariya ta yi.

"Ɗiyata, hannu ya sani, baki bai sani ba."

Matsalar ke nan. Kubura mutum ɗaya ce, ƙauyuka kuwa da nisa. Kafin a zo da amalanken jaki a ɗauke ta, sau tari tunkiya ta riga ta galabaita. Sau biyu ina tara mata a gindin bishiya don ta koya musu. Ta tashi tsaye tana murza hannu a iska, tana cewa "sai ki yi haka, sai ki juyo haka," mata na gyaɗa kai don kunya. Ba wadda ta koma gida da komai, domin abin da ake so su gani a cikin ciki yake.

A 2007 ƙungiya ta samu talabijin da na'urar faifai da ɗan ƙaramin janareta don nuna abubuwa a ƙauyuka. Sai na tuna da Mahfuz. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya, da can yana zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci a tashar Konni, daga baya ya je Sakkwato ya koyi kwamfuta. Yanzu yana da shago kusa da tasha, yana buga katin biki da kalanda, yana kuma yi wa masu ɗaukar bidiyon biki rubutun nan da ke shawagi a farkon faifai. Na tambaye shi ko zai iya zana tunkiya mai ciki, a ga ɗan yana motsi a ciki. Sai ya ce:

"Haruhwa na saba motsawa, Malama. Dabba ban taɓa ba. Amma bari in gwada."

Ya yi mako uku yana zane, yana duba wani littafin dabbobi da na ara masa, yana kuma zuwa mahauta da safe ya tsaya yana kallo. Da ya nuna mini, na ga ya yi kyau ƙwarai, amma na san ba idona ne zai yanke hukunci ba. Na je na roƙi Yusha'u, ya ce ba komai. Wata Laraba, ranar kasuwar Konni, na ɗauko Kubura a motar haya, na sauke ta gidan mahaifiyata, da hantsi muka wuce shagon.

Mahfuz ya gaishe ta a durƙushe, ya jawo mata kujera gaban kwamfuta. A gilashin ga tunkiya fara mai baƙin kai, a tsaye, cikinta ya sauka. Kubura ta duba ta ce ta yi kama da ta wata maƙwabciyarta. Sai Mahfuz ya taɓa wani ɗan hoton ido a gefen gilashin. Fatar tunkiyar ta ɓace, haƙarƙari ya bayyana. Ya sake taɓa wani, haƙarƙarin ya tafi, ga mahaifa. Ya taɓa na uku, ga ɗan tunkiya a kwance a naɗe, idonsa a rufe.

Kubura ta ja kujerarta baya kaɗan.

"Ina ka kai hwatar?"

"Tana nan, Inna. Ɓoye ta na yi."

Ya mayar da ita, tunkiya ta koma lafiyarta lau. Ya ɗauko ledoji masu haske guda uku da yake saka kati a ciki, ya ɗora su kan juna don ya nuna mata. Ya ce ba a kan takarda ɗaya ya yi zanen ba. Kowane abu da fallensa: fata a falle ɗaya, ƙashi a wani, ɗan a wani, duk an jera su bisa juna, kuma inda ba a yi zane ba fallen fayau yake kamar ruwa, ana hango na ƙasa. Duk wanda ya ga dama sai ya ɗage shi.

"Sake," in ji Kubura.

Ya sake. Ta sa shi ya yi har sau biyar, tana kallo, hannunta a kan baki. A na ƙarshe ta ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Allah. An buɗe ta, ba wuƙa, ba jini, kuma ga ta tsaye."

Sai kuma ta matso da kujerar, ta ƙura wa ɗan ido, fuskarta ta sake.

"Wanga ɗa naka, ƙahwahunsa huɗu duk na gaba ne."

Mahfuz ya yi murmushin wanda aka kama. Ya amsa cewa ƙafa ɗaya ya zana ya kwafe ta sau huɗu. Kubura ta miƙa hannunta ta nuna masa. Ƙafar gaba, gaɓar da ke bisa kofato da gwiwa duk gefe ɗaya suke lanƙwasawa. Ta baya kuwa, ɗaya ta yi nan, ɗaya ta yi can. Da wannan kaɗai take gane ko kai ne ke tafe ko gindi, in ta laluba a cikin duhu. In mace ta ɗauki ta baya a matsayin ta gaba ta ja, ta kashe uwa da ɗa. Mahfuz ya goge, ya sake zanawa tana tsaye a kansa, har ta ce ya isa.

Washegari aka shiga aikin da ya fi ba shi tsoro. Ya bayyana mana cewa manhaja biyu ce a cikin kwamfutar, mu ɗauke su kamar ɗaki biyu. A ɗaki na farko ake zane, amma ba abin da ke motsi a can. A na biyu ake sa motsi, amma ba a can ya yi zanen ba. Dole a kwashe tunkiyar da duk fallayenta a kai ta ɗaki na biyu, kowane falle ya isa lafiya ya zauna a mazauninsa.

Karon farko ya adana zanen kamar yadda ya saba adana katin biki. Da ya buɗe shi a ɗakin motsi, tunkiya ta iso, amma fallayen sun manne sun zama ɗaya. Ya nemi idon da zai taɓa ya ɗage fata, babu. Ya ja ƙafa, tunkiyar duka ta biyo, har da farin filin da ke bayanta.

"Ta daskare," in ji Kubura.

"Laihina ne, Inna. Na haɗe su tun kahin in hito da su."

Ya koma ɗakin zane, inda asalin ke nan ba abin da ya same shi. Wannan karon ya fitar da kowane falle shi kaɗai, ya datse shi daidai girman abin da ke kansa. Kai daban, wuya daban, gangar jiki daban, kowace ƙafa kashi uku. Ya kwaso su ya zuba a ɗakin motsi. Gaba ɗaya suka taru a tsakiyar gilashin, kofato bisa kunne, haƙarƙari bisa kai. Kubura ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ai faifan mahauci ne. Mahfuz bai yi dariya ba, sai share zufa yake yi. Ya ce in zai mayar da kowanne da hannu zai iya, amma ba za su zauna daidai kamar da ba.

Ya tashi ya yi sallar azahar, ya dawo ya zauna yana jujjuya ledojin nan uku a hannunsa. Can ya ce ya gane. Ai ledojin girmansu ɗaya ne, shi ya sa in an daidaita gefunansu komai ke faɗawa wurinsa. Datsewar da ya yi ce ta sa kowane guntu ya manta inda yake. Ya sake fitar da su ɗaya bayan ɗaya, amma kowanne da cikakken faɗin filin, ko da kofato ɗaya ne a kusurwa sauran duk fayau. Ya kuma sa wa kowanne lamba da suna, don a san wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Kubura ce ta riƙa ba shi sunayen, yana bugawa: dantse, ƙwauri, kofato, muƙamuƙi. Falle ashirin da bakwai suka zama.

Da ya shigo da su, muna kallo suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Mahaifa ta zauna, gangar jiki ta kwanta a cikinta, wuya ya zo ya haɗu da ita, kai ya hau wuya, ƙafafu suka jeru, haƙarƙari ya rufe, fata ta lulluɓe. Ba wanda ya kauce ko da faɗin tsinke. Kubura ta ce, kusan da raɗa, "Kowa ya san gidansa."

Rana ta uku ta gaɓoɓi ce. Mahfuz ya kama ƙwaurin ɗan zai lanƙwasa, sai ya juya a tsakiyarsa kamar fanka, ya rabu da gwiwa. Ya ce kowane guntu yana da ɗigo guda da yake juyawa a kansa, kuma kwamfuta a tsakiya take ajiye shi sai an gaya mata inda ya dace. Kubura ta tambaya ko za ta iya taɓa gilashin. Ya ce ta taɓa. Ta ɗora yatsa daidai gwiwa.

"Nan."

Ya ja ɗigon ya kai ƙarƙashin yatsanta. Ya lanƙwasa, ƙafa ta lanƙwashe kamar ta mai rai. Haka suka bi gaɓoɓin duka, tana cewa "nan," ko "ɗan sama kaɗan," yana bi. A kafaɗa suka daɗe, domin ta ce kafaɗar ɗan tunkiya ba a wuri ɗaya take tsaye ba, zamewa take yi bisa haƙarƙari. Sai kuma wata matsala ta fito: in gwiwa ta lanƙwashe sosai, sai a ga ɓaraka tsakanin guntayen biyu. Dole ya koma ɗakin zane, ya ƙara wa kowane guntu ɗan kai mai zagaye da zai shige ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya sake fitarwa, ya sake shigowa da su. Ya yi wannan kai da kawowa ya fi sau goma. Kubura ba ta ƙosa ba. Goronta kawai take ɓantara tana jira.

Saura hannu. Mahfuz ya so ya zana nasa, ta ce hannunsa ko cikin saniya sai da dabara. Ya roƙi ya ɗauki hoton nata. Ta yarda da sharaɗin ban da fuska. Ta ɗora hannun kan farar takarda, ya ɗauka a buɗe, ya ɗauka a dunƙule, ya bi layinsa ya zana, ya raba tafin da yatsu kowanne da fallensa, ya shigo da su ta hanyar da ya riga ya gane.

Abin da muka zaɓa a nuna shi ne wanda ya fi yawa: kai da ƙafa ɗaya sun taho, ɗayar ƙafar ta maƙale a baya. Mahfuz ya ce shi zai nuna wa kwamfuta inda hannu ya fara da inda ya tsaya, ita za ta cike tsakani. Ya gwada, hannun ya shige sumul ya kamo ƙafar. Kubura ta girgiza kai.

"Ka yi gaugawa. Tana yunƙuri kana turawa? Sai ka jira ta huta."

Ta rufe ido, ta fara nishi irin na tunkiya, ta tsaya, ta sake. Mahfuz yana duban agogo yana sa alama. In ta yi nishi, ciki ya matse, hannu ya tsaya cik. In ta saki, hannu ya tura ɗan baya kaɗan don a samu wuri, ya bi wuya, ya gangara kafaɗa, ya sami gwiwa, ya lanƙwasa ta. Nan ta buɗe ido ta ce kada ya kuskura ya jawo ƙafar haka. Sai tafin hannu ya rufe kofaton tukuna, don kada kaifinsa ya yaga mahaifa. Ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka lulluɓe shi.

Bayan la'asar ya ce mu matso. Ya danna, ya janye hannunsa daga teburin gaba ɗaya.

Tunkiya na tsaye tana numfashi. Fatarta ta dushe a hankali har ta zama kamar hayaƙi. Hannu ya shigo daga dama, ƙarami, siriri, ya tsaya, ya jira, ya ci gaba. Duk abin bai kai minti biyu ba. Da ƙafafu biyu suka daidaita, hanci a bisansu, ɗan ya zamo waje ya girgiza kunne, na juya in ga Kubura. Hannunta na dama yana kan cinyarta yana yin abin da na gilashin ke yi, ita ba ta ma sani ba. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Shekara arba'in," ta ce. "Ban taɓa ganin shi yana aiki ba. Ashe haka yake yi."

Mahfuz kuwa ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce shi ya zana kowane guntu da hannunsa, ya san lambar kowanne, amma da ya ga kunnen nan ya motsa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Ya sake kunnawa, sai muka ji Kubura ta fara magana ita kaɗai, tana bin hoton. "Kin gani, nan za ki dakata. Kada ki yi hwaɗa da ita. Yanzu ta saki, to tura. Bi wuya, shi zai kai ki." Tiryan-tiryan, ba gargada. Na daɗe ina neman wannan bayanin a bakinta ban samu ba. Mahfuz ya yi mini alama da ido, ya jawo makirfo ya ajiye gabanta, ya mayar da hoton farko. Muryar da ke kan faifan ita ce ta wannan yammacin, har da inda ta yi tari.

Mun fara nunawa a Tajaye, a wani aji na lakwal, makarantar boko, ranar da ba karatu, aka rufe tagogi da zannuwa don hasken rana. Mata sun cika ajin, maza na tsaye a baya. Da fata ta dushe, wata tsohuwa ta yi salati, daga nan ba wanda ya ƙara tari har aka gama. Aka ce a sake, aka sake sau huɗu. Yusha'u yana bakin ƙofa. Da aka fito ya ce da ni, shekara talatin da wani abu yana ganin matar nan tana fita da sabulu a ƙullin zane, bai taɓa tambayar ta abin da take yi ba. Kubura kuwa tun a nuni na biyu ta sulale ta koma gida, wai kunyar muryarta take ji.

Cikin shekara biyu faifan ya zaga ƙauyukan Illela da Malbaza, wasu ma sun kwafa sun tsallaka da shi iyaka. Kubura ta koma shagon Mahfuz sau biyu, suka yi na ɗan da ya taho da baya, da na wanda kansa ya karkace. Tun da fallayen na nan a ajiye, aikin bai ƙara ɗaukar su kwana uku ba. Kiran da ake mata bai ragu ba, sai dai yanzu takan tarar an riga an wanke hannu, an jiƙa kuɓewa, wani lokaci ma ta tarar ɗa na tsotson uwarsa.

A 2009, muna kasuwar Dogarawa ni da ita, tana cinikin igiya, wata mata doguwa mai tallan man shanu ta juyo da jin muryarta. Ta aje ƙwaryar ta matso.

"Baiwar Allah, ke ce mai cewa 'bi wuya, shi zai kai ki'?"

Kubura ta rufe fuska da gefen mayafi. Matar ta ce sunanta Barira, kuma da damina ta fitar da 'ya'ya uku da hannunta, biyu na tumakinta, ɗaya na akuyar maƙwabta. Suka samu inuwa suka zauna, ni ina gefe. Kubura ta yi ta yi mata tambayoyi, wace ƙafa ce, ta jira ko ba ta jira ba. Can Barira ta ce akwai abin da ba ya cikin faifan. In tagwaye suka taho tare suka cushe, ita takan sa a ɗaga ƙafafun uwar na baya bisa buhun ƙaiƙayi, sai na bayan ya koma da kansa, a samu wurin fitar da na gaba. Kubura ta auna maganar, ta ce ita da hannu take mayar da shi, kuma yana ba ta wuya.

"Buhun, cikakke ko rabi?" ta tambaya.

"Rabi. In ya cika tsawo ya yi yawa."

Suna nan suna wannan har direban motarmu ya aiko a ce mana an cika, saura mu.